Westan bulot: Gwajin da ke sa furotin ya yi haske, da abin da ya haɗa shi da Gombe

Westan bulot hanya ce ta ɗakin gwaje-gwaje da masana ke bi domin gano ko wani furotin guda, wanda suka riga suka san kamanninsa, yana cikin jini ko tsoka ko dafin maciji, alhali yana cakuɗe da dubban wasu. Sakamakonsa ba ya zuwa da lambobi irin na gwajin suga. Abin da ake gani shi ne 'yan gajerun layuka baƙaƙe a kan farin fili. A galibin ɗakunan bincike na yau, waɗannan layuka hoto ne na wani shuɗin haske mai rauni da ya tashi daga wani ɗan falle, ya ɗauki 'yan mintoci ko sa'o'i, sannan ya mutu.

Aikin yakan ci kwana biyu. Sai dai sa'a ta ƙarshe, lokacin da ake wanke fallen, a zuba masa ruwan da ke tayar da hasken, a ɗauki hotonsa, ita ce ke nuna ko wahalar ta yi rana ko ta tafi a banza.

Mazaunin Gombe da ya je gwajin jini, ko a wani asibiti mai zaman kansa a unguwar GRA ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka, da wuya a ce masa za a yi masa Westan bulot. Duk da haka gwajin ya shafi rayuwar mutanen jihar ta fuska biyu. Shekaru da dama shi ne alƙalin ƙarshe a duniya wajen tabbatar da kamuwa da ƙwayar cutar HIV, kuma yana cikin gwaje-gwajen da ake auna magungunan dafin maciji da su, irin waɗanda ake yi wa majinyata allura a Kaltungo.

Asalin sunan

A shekarar 1975 masanin kimiyya ɗan Birtaniya Edwin Southern, yana aiki a Edinbara, ya wallafa hanyar kwashe guntayen DNA daga cikin jel zuwa kan takarda domin a neme su a can. Aka riƙa kiran hanyar da sunansa. Da yake sunan nasa a Turanci yana nufin na kudu, da masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da makamanciyarta ta RNA a 1977, sai aka yi mata laƙabi da ta arewa cikin raha.

A 1979 Harry Towbin da Theophil Staehelin da Julian Gordon, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, suka bayyana yadda za a yi amfani da lantarki a tura furotin daga jel zuwa fallen naitiroselulos. Wanda ya raɗa wa hanyar suna shi ne Neal Burnette, wanda ke aiki a cibiyar binciken cutar daji ta Fred Hutchinson da ke Seattle, a gaɓar yammacin Amurka. Ya kira ta ta yamma, wato Westan. Mujallar da ya aika wa maƙalarsa ta ƙi karɓa da farko, amma kwafe-kwafenta suka yi ta yawo hannu da hannu tsakanin masu bincike, har aka buga ta a 1981. Kalmar bulot kuwa tana nuni ne da tsotsewa, kamar yadda takardar tsotse tawada ta 'yan makarantar da take yi.

Daga jel zuwa falle

Ana farawa da narkar da samfurin a cikin ruwa mai ɗauke da wani nau'in sabulu da ake kira SDS, a dafa shi kimanin minti 5 a zafin digiri 95. Furotin a halittarsa a dunƙule yake kamar ƙullin zare. Sabulun da zafin suna warware shi, su lulluɓe shi da cajin lantarki iri ɗaya, ta yadda girma kaɗai zai bambanta wani da wani. Daga nan sai a ɗiga samfurin a 'yan ramukan da ke saman jel, a kunna wuta. Jel ɗin yana aiki kamar rariya: ƙananan furotin suna ratsawa da sauri su yi ƙasa, manya su tsaya a sama. Tsarin da aka fi bi shi ne wanda Ulrich Laemmli ya wallafa a 1970. A rami guda ana zuba wasu furotin masu launi da aka san nauyinsu, su zama tsanin da za a auna sauran da shi.

Jel abu ne mai laushi da saurin yagewa, kuma furotin a binne suke a cikinsa. Shi ya sa ake kwashe su zuwa kan falle. Ana jera soso, takardar tacewa, jel, falle, wata takardar, wani soson, a matse su wuri guda, a tsoma a cikin tanki. Dole fallen ya kasance ta ɓangaren sandar lantarki mai jan furotin. Wanda ya juya jerin, furotin ɗinsa za su bi ruwa, kuma ba zai sani ba sai washegari. Kumfar iska guda da ta maƙale tsakanin jel da falle takan bar farin da'ira a hoton ƙarshe, don haka ake bi da ƙaramin murji a fitar da ita. An saba a yi wannan kwashewa a kan bolt 100 na tsawon sa'a guda tare da ƙanƙara, ko a kan bolt 30 a kwana ana yi a cikin firji.

Shirya fallen

Fallen iri biyu ne. Naitiroselulos yana shan ruwa da kansa kuma bayansa yakan fita tas a hoto, amma yana karyewa idan ya bushe. Ɗayan, PVDF, ya fi ƙwari kuma ya fi riƙe furotin, sai dai ba ya jituwa da ruwa. Sai an fara jiƙa shi da metanol na 'yan daƙiƙoƙi, ya tashi daga fari sol zuwa mai ɗan nuna abin da ke bayansa, kafin ya karɓi komai. Idan ya bushe a tsakiyar aiki, sai an sake jiƙa shi. Ramukan fallen da aka fi amfani da shi girman maikiromita 0.45 ne, amma mai neman ƙaramin furotin yakan ɗauki na 0.2 don kada abin da yake nema ya zarce ta baya.

Ba a taɓa falle da hannu. Yatsa yana ɗauke da maiƙo da furotin na fata, kuma zanensa yakan fito a hoto ƙarara. Da safar hannu marar hoda da hantsaki mai faɗin baki ake ɗaukarsa, ta gefe. Ana yanke kusurwa guda domin a san gaba da baya, kuma da fensir ake yi masa alama, domin tawadar biro tana narkewa a metanol. Ƙwararru ba sa wucewa gaba sai sun tsoma shi a wani jan rini mai suna Ponceau S, wanda ke nuna dukkan furotin ɗin da suka hau na ɗan lokaci, sannan ya wanke. Minti biyar ɗin nan suna gaya wa mai aiki ko kwashewar ta yi, kafin ya ɓarnatar da antibodi mai tsada a kan fallen da babu komai a kansa.

Halin falle shi ne kama duk furotin da ya taɓa shi, kuma antibodi, wato sojan garkuwar jiki da za a tura ya nemo abin da ake so, shi ma furotin ne. Idan aka zuba shi haka nan zai manne ko'ina, hoton ya fito baƙi ƙirin. Maganin wannan shi ne a toshe duk wuraren da ba kowa da wani furotin da ba ruwansa da binciken. Abin da aka fi amfani da shi zai ba mai karatu mamaki: madarar gari ce marar maiƙo, giram 5 a cikin mililita 100 na ruwan gishirin gwaji, ana girgizawa na sa'a guda. Madarar shayi mai cikakken maiƙo ba ta dace da wannan aiki ba, kuma wadda ba ta narke sosai ba takan bar baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar an watsa barkono, shi ya sa wasu ke tace ta.

Madarar ma tana da inda ba ta shiga. Mai neman furotin da aka liƙa wa fosfet, wanda shi ne alamar da ƙwayoyin jiki ke kunna wasu ayyuka da ita, yakan guje ta, saboda kasin ɗin da ke cikin madara shi ma yana ɗauke da fosfet. A nan ana komawa ga albumin na jinin saniya.

Bayan toshewa ana zuba antibodi na farko, wanda ya san furotin ɗin da ake nema, galibi a bar shi ya kwana a sanyin digiri 4. Da safe a wanke, a zuba na biyu. Na farkon yawanci daga jikin zomo ko ɓera aka samo shi. Na biyun kuma daga akuya ko jaki, kuma aikinsa shi ne ya kama na farkon. A jikin wannan na biyun ne aka ɗaure wani inzayim da ake kira HRP, wanda ake tatsa daga saiwar wani tsiro mai yaji da Turawa ke cin nama da shi. Ana tsinka antibodi na biyu ƙwarai, kashi ɗaya cikin 5,000 zuwa 20,000, wani lokaci ma fiye da haka.

Wanki shi ne matakin da gajiyayyen ɗalibi ya fi ragewa, kuma shi ya fi tona asiri. Ana yin sa da ruwan gishirin gwaji mai ɗan sabulun Tween-20, kashi 0.1 cikin ɗari, aƙalla sau uku, kowanne minti 5 zuwa 10, da ruwa mai yawan da fallen zai yi iyo a ciki. Akwai kuma tarko guda da ya daɗe yana kama sababbin hannu. Sinadarin sodiyam azayid, wanda ake sawa a ruwan antibodi don kada ya ruɓe, yana kashe HRP. Idan ya shiga ruwan antibodi na biyu ko ruwan wankin ƙarshe, babu hasken da zai fito, ko da duk sauran matakan sun tafi daidai.

Inda hasken ke fitowa

Ruwan da ke tayar da hasken yakan zo a kwalabe biyu. Ɗaya tana ɗauke da luminol, ɗayar kuma da feroksayid. Ana haɗa su daidai wa daida gab da amfani, a zuba a kan fallen, kimanin mililita 0.1 ga kowane murabba'in santimita, a bari na minti 1 zuwa 5 gwargwadon umarnin kamfanin da ya yi shi. Duk inda HRP yake, yana sa feroksayid ya ƙona luminol. Abin da ƙonawar ta haifar yana fitowa da rarar ƙarfi a jikinsa, kuma yana sauke wannan ƙarfi ne a matsayin haske shuɗi, mai tsawon zango kusan nanomita 425. Babu fitila ko zafi a cikin lamarin. Sinadaran da kansu ke ba da hasken, kamar ƙwaron nan mai walƙiya da dare a lokacin damina, ko da yake nasa sinadaran daban ne.

Luminol tsohon sinadari ne. Bajamushe H. O. Albrecht ya bayyana haskensa a 1928, kuma tun 1937 masu binciken laifuka suke fesa shi don gano jinin da aka goge, saboda ƙarfen da ke cikin jini yana tayar da shi. Amma haskensa shi kaɗai rarrauna ne, mai saurin mutuwa. A shekarun 1980 ne Gary Thorpe da Larry Kricka da Tom Whitehead da abokan aikinsu a Birmingham ta Ingila suka gano cewa ƙara wasu sinadaran dangin fenol yana ninka hasken har sau dubu, ya kuma tsawaita shi. Wannan ne ya ba ɗakunan bincike damar rabuwa da sinadarai masu tururin nukiliya irin su aidin-125, wanda Burnette ya yi aiki da shi, tare da haɗarinsu da wahalar zubar da shararsu.

Ɗaukar hoto

Da zarar an zuba ruwan, agogo ya fara gudu. Hasken yakan kai ƙololuwa a cikin 'yan mintoci, sannan ya riƙa raguwa yayin da luminol ke ƙarewa kuma inzayim ɗin ke gajiya. Ana ɗaga fallen da hantsaki, a taɓa gefensa a jikin takarda mai tsotsa don rarar ruwa ta sauka, a shimfiɗa shi tsakanin ledoji biyu masu garai-garai, fuskar furotin tana sama, a share kumfa. Rarar ruwa takan taru ta ba da dusu-dusun haske a bango, bushewa kuma takan kashe aikin inzayim. Ana son falle mai danshi, ba jiƙaƙƙe sharkaf ba.

Tsohuwar hanya ita ce ɗakin duhu. Ana ɗora fim irin na hoton ƙashi a kan fallen a cikin akwatin ƙarfe, a rufe na daƙiƙa 10, a canja wani na minti ɗaya, wani na minti biyar, sannan a wanke su a ga wanda ya fi. Fim ɗin da ya motsa bayan an ɗora shi yakan ba da layuka biyu-biyu. Sabuwar hanya akwati ce mai duhu da kyamarar dijital a samanta, irin su ChemiDoc da ImageQuant, wadda ake sanyaya idonta zuwa ƙasa da sifili don kada zafin na'urar ya zama ƙura a hoton. Ana ɗaukar hoto guda da farar fitila domin a ga tsanin nauyi mai launi, sannan a kashe fitila a ɗauki na hasken, a ɗora ɗaya kan ɗaya.

Babbar matsalar wannan mataki ita ce cikawa. Mai awon hatsi ya san cewa idan mudu ya cika ya yi tozo, duk abin da aka ƙara zubewa yake yi, kuma wanda ya zo daga baya ba zai iya cewa tiya nawa aka zuba ba. Haka fim yake. Da zarar wuri ya yi baƙi iya baƙi, ƙarin haske ba ya ƙara masa komai, don haka layin da ya ninka wani sau biyu da wanda ya ninka shi sau ashirin za su iya fitowa iri ɗaya. Tazarar da fim ke iya aunawa da gaskiya ba ta wuce ninki goma ko ɗan abin da ya fi haka ba. Kyamara mai kyau tana kai ninki dubu ko fiye, kuma manhajarta takan shafa wa wuraren da suka cika jan launi don gargaɗi. Hoton da ya fi kyan gani a ido, mai kauraran layuka baƙaƙe, sau da yawa shi ne mafi ƙarancin amfani wajen awo. Wanda ake so shi ne mafi tsawon ɗauka da bai kai ga cikawa ba.

Yadda aka adana hoton ma yana da tasiri. Kyamarar tana rarrabe matakan haske 65,536 tsakanin fari da baƙi, kuma fayil ɗin TIFF na asali yana riƙe su duka. Idan aka mayar da shi JPEG, ko aka tura ta WhatsApp, matakan sun koma 256 kuma an matse wasu bayanan sun ɓace. Awo da manhaja irin ImageJ, wadda cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka samar kyauta, a kan fayil na asali ake yin sa.

Wani abin da ke rikita sabon hannu shi ne farin layi a tsakiyar baƙi, ko layi mai rami a cikinsa. Yakan ɗauka furotin ɗin ne babu, alhali yawa ya yi. Inzayim ya taru a wurin har ya cinye luminol ɗinsa kafin a kai ga kyamara. Maganinsa rage samfur ko ƙara tsinka antibodi na biyu. Kafin kuma a ce furotin ya ƙaru a wannan samfur fiye da wancan, sai an nuna cewa daidai aka zuba a kowane rami. Ana yin haka ta neman wani furotin da yawansa bai cika canjawa ba, kamar aktin ko GAPDH, ko ta auna jimillar furotin ɗin kowane layi daga hoton jan rinin nan na farko.

Umarnin da ke cikin kwalayen waɗannan kayayyaki yakan ce a yi aiki a zafin ɗaki, abin da masu rubuta shi ke nufi da digiri 20 zuwa 25. A Gombe, inda zafin watannin Maris da Afrilu ke kai wa digiri 40, ɗakin da na'urar sanyaya shi ta tsaya ya fita daga wannan ma'auni. Falle yana bushewa da wuri, tankin kwashewa yana ɗumama har jel ya lanƙwashe, madarar toshewa tana tsami idan ta kwana a waje. Da hunturu kuma ƙura ce ke sauka a tire da ledoji. Antibodi da galibin ruwan haske a firji suke zama, wasu ma a daskare, kuma daga ƙasashen waje ake shigo da su da kuɗin waje. Ɗaukewar wuta ta dare guda ba tare da janareta ko hasken rana ba tana iya lalata kayan da aka yi watanni ana jira.

Hoton da ya zama shaida

Saboda layukan Westan bulot suna kama da juna, kuma manhajar gyaran hoto tana hannun kowa, sun zama inda aka fi kama maguɗi a maƙalun kimiyyar jiki. A 2016 Elisabeth Bik da Arturo Casadevall da Ferric Fang sun wallafa sakamakon duba maƙalu 20,621 daga mujallu 40, inda suka sami hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba a kashi 3.8 cikin ɗari. Wasu kuskure ne, wasu kuwa da alamar ganganci. A watan Yulin 2023 shugaban Jami'ar Stanford, Marc Tessier-Lavigne, ya sanar da murabus bayan wani kwamiti ya gano an taɓa hotuna a wasu maƙalun da ke ɗauke da sunansa. Kwamitin bai same shi da yin maguɗin da hannunsa ba, amma ya ce bai tsaya tsayin daka wajen gyara kurakuran ba. A 2024 kuma mujallar Nature ta janye wata shahararriyar maƙala ta 2006 a kan cutar mantuwa ta Alzheimer, bayan an nuna an sarrafa hotunanta.

Wannan ya sa manyan mujallu da dama yanzu suke neman marubuci ya haɗo da hoton fallen gaba ɗayansa, ba yankakken layi kaɗai ba. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce, duk gyaran haske da za a yi, a yi wa hoton baki ɗaya, kuma idan an haɗo layuka daga wurare daban a ja zane a nuna mahaɗar. Ƙa'idar ta hau kan malami ko ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere ta 2011, kamar yadda ta hau kan na Stanford, ko da a wani gari aka yi masa gwajin aka turo masa hoton.

Zamanin HIV

An ba da rahoton mutum na farko mai cutar AIDS a Najeriya a 1986. Shekara guda bayan haka hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da kayan Westan bulot na farko don tabbatar da HIV. A wannan nau'in, kamfani ne ke raba furotin ɗin ƙwayar cutar a kan falle, ya yanka shi sili-sili. Ma'aikacin ɗakin gwaji yana zuba ruwan jinin mutum a kan sili guda, ya duba ko jikinsa ya yi antibodi da ke kama furotin irin su p24 da gp41 da gp120 ko gp160. Galibin waɗannan kayan launi suke bayarwa a kan silin maimakon haske, amma tushen aikin ɗaya ne.

Gwajin yana da rauninsa. Yana jinkirin nuna sabon kamu, yakan ba da sakamakon da ba a ce e ba, ba a ce a'a ba, wanda ke barin mutum makonni cikin zulumi, kuma yakan ɗauki HIV-2, nau'in da galibi a Afirka ta Yamma ake samunsa, a matsayin HIV-1. Ga tsada, ga buƙatar ƙwararre da kwanakin jira, inda wasu ba sa dawowa karɓar sakamako. Najeriya ta daɗe da komawa ga jerin gwaje-gwajen nan take na ɗigon jini: a tsarin da aka yi shekaru ana bi, an riƙa farawa da Determine, a tabbatar da Uni-Gold, idan suka saɓa a raba gardama da Stat-Pak. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta cire Westan bulot daga tsarinta a 2014, kuma a ƙarshen 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su daina dogara da shi wajen gano HIV.

Dafin kububuwa

Kudancin Jihar Gombe yana cikin yankunan da saran maciji ya fi yawa a Najeriya, kuma asibitin Kaltungo yana karɓar dubban waɗanda aka sara a shekara, akasarinsu manoma da makiyaya. Macijin da ya fi ɓarna shi ne kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Dafinta cakuɗen furotin ne masu yawa, kuma wasu daga cikinsu suna cinye sinadaran daskarar da jini har mutum ya riƙa zubar jini ta dasashi da ciki.

Maganin dafi ba komai ba ne illa antibodi da aka tatsa daga jinin dabbar da aka yi ta yi wa allurar dafin kaɗan-kaɗan. EchiTAb-G daga tumaki ake samunsa a yankin Wales na Birtaniya, da dafin kububuwa kaɗai. EchiTAb-Plus-ICP kuma daga dawaki ne a Cibiyar Clodomiro Picado ta ƙasar Kosta Rika, da dafin kububuwa da kasa da gamsheƙa mai tofi. Dukkansu da dafin macizan Najeriya aka haɗa su. Mai son ya san waɗanne furotin na dafi maganin ke ganewa, sai ya raba dafin a jel, ya kwashe shi kan falle, ya zuba maganin a matsayin antibodi na farko. Layin da ya fito, maganin ya kama shi. Wanda bai fito ba, ko ya fito dishi-dishi, nan ne giɓin yake, kuma ƙananan furotin na dafi sun fi faɗawa a wannan rukuni saboda jikin dabba bai cika mayar musu da martani mai ƙarfi ba.

A nan ne kuma iyakar gwajin ta fi bayyana. Layi yana nuna cewa antibodi ya kama furotin, bai ce ya hana shi aiki ba. Yana iya kama shi ta wutsiya ya bar kan, balle kuma furotin ɗin da ke kan falle warwararre ne, ba a siffar da yake yawo a jini ba. A 2010 Nicholas Casewell da Robert Harrison da abokan aikinsu na Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool sun gwada EchiTAb-G da dafin dangin kububuwa huɗu. A gwaje-gwajen kamawa maganin ya gane dafin dukkansu. Da aka koma kan ɓeraye, ya kare su daga dafin kububuwar Afirka ta Yamma da wasu danginta biyu, amma ya kasa a kan dafin 'yar'uwarsu ta nahiyar Asiya. Irin wannan bambanci ya taɓa cin rayuka ta ɗaya fuskar: wani rahoto na 2008 daga wani asibitin karkara a Ghana ya nuna mace-macen saran kububuwa sun tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin ɗari bayan an sauya magani da wani da aka yi a Indiya.

Hukuncin ƙarshe a kan magungunan biyu a gadon asibiti aka yanke shi. A gwajin da aka yi a Kaltungo kan majinyata 400, wanda aka wallafa a 2010, an auna nasara ne da ɗiban ɗan jini a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye ta minti 20, a karkata ta a ga ko ya daskare. Sa'o'i shida bayan allurar farko, jinin kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka ba EchiTAb-Plus-ICP ya dawo yana daskarewa bai sake tsinkewa ba, na waɗanda aka ba EchiTAb-G kuma kashi 76.